Ƙarfin Aro Ba Ya Rufe Katara: Yadda Ƙwayoyin Hana Barci Ke Cin Jikin Mai Shansu

Duk wanda ya taɓa bin sawun ɗinkinsa a goman ƙarshe na azumi ya san yadda shagon tela yake da ƙarfe ukun dare. Janareto na kuka, shadda jibge har rufi, yara na gyangyaɗi a kan keke, maigida kuwa sai rantsuwa yake cewa gobe in sha Allahu za a gama. A irin wannan dare ne, shekarun baya, idona ya kai kan wani yaron shago a unguwarmu. Kowa ya yi laushi ban da shi. Ƙafarsa ba ta sauka daga kan keke ba, bakinsa bai yi shiru ba, muƙamuƙinsa na motsi kamar mai taunar cingam alhali babu komai a bakin, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf ga fanka a kansa. Da aka kawo abincin sahur ya ce shi a ƙoshe yake. Maigidan ya dube ni yana murmushi ya ce, "Malam, ka ga wannan? Yau kwanansa uku bai runtsa ba. Da ina da irinsa biyu, da tuni na sallami kowa." Na ce Allah ya yi masa albarka, na karɓi kayana na tafi.

Ranar salla ba a ga yaron a idi ba. Barci yake, kuma kwana biyu cur aka yi ana tashinsa yana komawa. Kafin babbar salla ya rame ya zama kamar kara, ya fara cewa ana leƙensa ta taga, ya liƙe duk wata kafa ta ɗakinsa da kwali. Mutanen gidansu suka rabu biyu, masu cewa iska ce da masu cewa sammu ne daga abokan sana'a. Babu wanda ya kawo ƙwaya a ransa, ni ma haka, don ba mu taɓa ganinsa yana layi ba.

A nan matsalar take. Mu a nan idonmu ya saba da ɗan maye iri ɗaya: mai tangaɗi, mai jan magana, wanda ido ya yi masa nauyi. Kodin, wiwi, sholisho da ƙwayoyin sa barci duk rage wa jiki gudu suke yi, shi ya sa ko yaro ya ga mai shansu zai gane. Amma akwai wani dangin na daban da aikinsa kishiyar wannan ne. Ƙara wa jiki wuta yake yi, ya kori barci, ya kashe yunwa, ya sa mutum ya ji babu kamarsa. Mai shansa a farko ba ya kama da ɗan maye. Kama yake da haziƙi, kuma yabo yake sha.

Dangin da nake nufi su ne waɗanda ake haɗawa a ɗakin sinadarai, ba a gona ake nomansu ba: amfetamin, da ƙanensa da ya fi shi zafi metamfetamin, wanda 'yan hannu ke kira ais saboda kamarsa da ƙanƙara, mutanen kudu maso gabas kuma suke ce masa mkpuru mmiri. Sai Captagon na ƙasashen Larabawa, sai MDMA da aka fi sani da ekstasi, sai kuma wasu sababbin haɗi da aka kwaikwayo daga sinadarin ganyen kat, wanda ake taunawa a Yaman da Habasha da Somaliya. Hodar iblis ma mai ƙara wuta ce, sai dai ita daga ganye ake tace ta, saboda haka ba ita ce gabanmu ba sai don kwatance. Taramol kuwa, wanda 'yan ga-ruwa da leburori da 'yan acaɓa ke haɗiya don su jure wahala, asalinsa maganin ciwo ne daga dangin su kodin, ko da yake yana taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa da waɗannan ma ke taɓawa. Za mu dawo kansa, don haɗuwarsu a ciki ɗaya ba ta da kyau.

Abin ba sabo ba ne. Wani masanin sinadarai ɗan Romaniya, Lazar Edeleanu, shi ya fara haɗa amfetamin a birnin Balin na Jamus a 1887. A Japan kuma Nagai Nagayoshi ya samar da metamfetamin a 1893 daga wani sinadarin tsiro mai suna efedrin, sannan Akira Ogata ya mai da shi ƙanƙara a 1919. A farkon shekarun 1930 a kantin magani ake sayar da amfetamin a Amurka, a matsayin abin shaƙa don buɗe hanci. A Jamus kamfanin Temmler ya fito da ƙwayar metamfetamin mai suna Pervitin a 1938, kuma tsakanin Afrilu da Yulin 1940 kaɗai an kai wa sojojin Hitila ƙwaya sama da miliyan 35, lokacin da suke kutsawa Faransa ba dare ba rana. Sojojin Ingila da na Amurka su ma an ba su nasu amfetamin ɗin. Da yaƙi ya ƙare, abin da ya rage a ma'ajiyar sojan Japan ya malalo kasuwa, ma'aikata da ɗalibai suka afka masa, har sai da gwamnati ta kafa dokar hana shi a 1951. A 1954 kaɗai an kama fiye da mutum 55,000 a kansa. Duba jerin masu shan nan da kyau: soja, direba, ma'aikacin masana'anta, ɗalibi. Ta ƙofar aiki ya shigo ko'ina, ba ta ƙofar shashanci ba. Mu ma dattawanmu suna tuna zamanin da ake sayar wa manoma da 'yan dako ƙwayar da suka raɗa wa suna a-ji-garau, a sha a yi noma tun asuba har rana ta faɗi.

To me yake yi a ciki?

Ƙwaƙwalwa tarin ƙwayoyin jijiya ne da ba sa taɓa juna. Tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai ɗan tsaki ƙanƙani, kuma saƙo yana ƙetare wannan tsakin ne ta hanyar sinadarai. Uku daga cikinsu su ne suka shafe mu. Akwai dofamin, wanda aikinsa shi ne ya ce maka abin nan yana da muhimmanci, ka sake nemansa. Shi ke tashi idan mai azumi ya ji ƙamshin ƙosai, ko ɗan kasuwa ya ga ciniki ya faɗa. Akwai noradirenalin, mai shirya jiki don gudu ko faɗa: ya ƙara bugun zuciya, ya matse jijiyoyin jini, ya buɗe ido. Sai sirotonin, mai hannu a cikin nishaɗi da barci da zafin jiki.

A lafiyayyar ƙwaƙwalwa ana fitar da waɗannan da awo, kamar yadda uwargida ke ɗibar hatsi daga rumbu, tiya ɗaya yau, tiya ɗaya gobe. Idan saƙo ya isa kuma, akwai wasu 'yan ƙofofi da ke janye abin da ya rage su mai da shi ma'aji. Hodar iblis toshe waɗannan ƙofofi take yi, sai abin da aka fitar ya daɗe a waje. Amfetamin ya fi ta ta'adi. Saboda siffarsa ta yi kama da ta dofamin, ƙofar da kanta take shigar da shi, kamar mai gadin da ya buɗe wa ɓarawo don ya gan shi da rigar 'yan gida. Da ya shiga sai ya farke jakunkunan da ake adana dofamin, sannan ya juya ƙofar ta koma fitarwa maimakon shigarwa. Ya fasa gindin rumbu ke nan. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna abinci mai daɗi kan ɗaga dofamin da kamar rabin yadda yake, metamfetamin kuwa yana iya ninka shi sau goma ko fiye. Babu wani abin jin daɗi na halal a duniya da ke kaiwa kusa da nan, kuma ba a gina ƙwaƙwalwa don ɗaukar irin wannan ambaliya ba.

Ga kuma daɗewa. Jiki kan rage rabin hodar iblis da ke cikin jini a kamar awa ɗaya. Metamfetamin sai ya kai awa goma ko fiye kafin rabinsa ya fita. Wanda ya sha da la'asar, asuba za ta same shi ido biyu.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne babu ƙwayar ƙarfi ko ɗaya a cikin wannan ƙwaya. Ba abinci ba ce, ba ta kai ko loma ɗaya ta tuwo amfani ga tsoka ba. Gajiya da yunwa da barci 'yan aike ne, jiki ke turo su su ce a dakata, kaya sun kusa ƙarewa. Ƙwayar kama 'yan aiken take ta ɗaure. Bulala ba ta ƙara wa jaki ƙarfi, tana dai hana shi tsayawa har ya faɗi. Wani zai ce ai goro da shayi ma haka suke. Akwai kama, amma tazarar da nisa. Sinadarin kafin (caffeine) da ke cikin goro yana tare wani sinadari ne da ke taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum na farke, mai sa a ji barci, ya ɗan jinkirta saƙonsa. Ba ya fasa rumbun dofamin. Shi ya sa tsohon da ya shekara hamsin yana cin goro haƙoransa ne kawai suka rine, bai sayar da gonarsa ba.

Zuciya ce ke fara biyan kuɗin. Noradirenalin na sa ta gudu, a lokaci guda kuma yana ƙuntata jijiyoyin da ke kai wa ita kanta zuciyar jini. Ana ƙara mata aiki ana rage mata abinci. Jini ya hau sama farat ɗaya, kuma idan akwai wata jijiya mai rauni a ka, sai ta fashe. Wannan ne ya sa likitoci ke ganin shanyewar ɓarin jiki ga saurayi ɗan shekara ashirin da biyar, cutar da muka saba gani ga dattawa. Bugun zuciya na iya rikicewa mutum ya yanke jiki ya faɗi, ko da a shan farko ne. Wanda ya daɗe yana sha kuwa, naman zuciyarsa kan saki ya yi laushi kamar tsohuwar robar da aka ja ta gaji, ƙafafu su kumbura, hawa bene ya gagara. A ƙasar da mutane da yawa ke yawo da hawan jini ba su taɓa aunawa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai zafi. Wannan ɓangaren ya fi damuna, don mu mutanen rana ne. Ƙwayar na sa jiki ya samar da zafi fiye da ƙima, tsoka na ta aiki babu hutu, ga jijiyoyin fata da ya kamata su buɗe su fitar da zafin sun matse, ga mai shan ba ya jin ƙishi yadda ya kamata. Zafin jiki na iya haura digiri 40. Idan ya kai nan, naman tsoka kan fara narkewa, dattinsa ya bi jini ya toshe ƙoda, fitsari ya koma kalar shayi ba madara, daga nan sai ya ɗauke. Yawancin abin da aka rubuta a kan wannan daga gidajen rawa na Turai aka gano shi. Ka auna shi da mai haƙar zinariya a cikin rami a watan Afrilu, ko mai sauke buhunan siminti da tsakar rana a Sakkwato ko Maiduguri.

Sauran ɓarnar a fili take ga mai lura. Rama, saboda an kwana biyu ba a ci ba. Haƙora su ruɓe, don yawu ya ƙafe, ga cizon haƙora dare da rana, ga lemon kwalba da ake ta kwankwaɗa, ga an manta da asuwaki. Wasu kan ji kamar ƙwari na tafiya a ƙarƙashin fatarsu, su yi ta tsaga da farce har fuska da hannu su cika da gyambo. Masu yi da allura ɗaya kuma suna raba wa juna cutar hanta da ƙanjamau. Ko ba allura, ƙwayar na tayar da sha'awa tana kashe kunya da tsoro, kuma wannan ma hanya ce. Mai juna biyu da ke sha tana fuskantar haihuwa kafin lokaci, da jariri maras nauyi, da rabuwar mabiyiya daga mahaifa.

Amma abin da ya fi rikita iyali shi ne taɓin hankali. Yawan dofamin a wasu sassan ƙwaƙwalwa na sa komai ya zama mai ma'ana. Tari da maƙwabci ya yi, da shi yake. Motar da ta wuce sau biyu, shi take bi. Ka haɗa wannan da kwana uku ko huɗu babu barci, wanda shi kaɗai ya isa ya sa lafiyayye ya fara ganin abin da babu, sai ka samu mutumin da ke jin muryoyi, yana zargin matarsa, yana kwana da wuƙa a ƙarƙashin matashi. Likitan ƙwaƙwalwa ma da kyar yake bambanta shi da mai ciwon hauka na asali in ba an yi gwajin fitsari ba. Ga mafi yawa abin kan lafa cikin kwanaki bayan an daina sha kuma an samu barci. Ga wasu yakan ɗauki watanni, kuma yana iya dawowa da ɗan sha kaɗan ko da tashin hankali kawai. Irin wannan mutum ba mugunta ke sa shi kai duka ba, tsoro ne, a ganinsa kare kansa yake. Shi ya sa taron dangi a kansa da ihu da igiya ba ya ƙara komai sai tabbatar masa da abin da yake zargi.

Ekstasi ta ɗan bambanta, kuma ita ce aka fi yi wa kallon mai sauƙi. Kamfanin Merck na Jamus ya fara haɗa ta a 1912, ta yi shekaru a ajiye, sannan ta ɓulla a gidajen rawa har Amurka ta haramta ta a 1985. Ita sirotonin ta fi fasa wa rumbu, shi ya sa mai shanta ke jin son kowa da kowa. Bayan kwana biyu ko uku sai baƙin ciki maras dalili ya sauko, don ma'ajin ya koma wayam. Haɗarinta biyu ne masu karo da juna. Na farko zafin da muka ambata. Na biyu kuwa tana sa ƙoda ta riƙe ruwa, to idan mai shan ya ji tsoron zafi ya yi ta ɗurawa cikinsa ruwa, gishirin jininsa sai ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A 1995 wata budurwa 'yar shekara 18 a Ingila ta rasu ta wannan hanya bayan ƙwaya ɗaya tak, ta sha ruwa kusan lita bakwai cikin awa ɗaya da rabi. A nan ne kuma taramol ke shigowa. Shi ma yana ɗaga sirotonin, kuma yana jawo farfaɗiya. Wanda ya haɗa shi da ekstasi ko ais yana iya faɗawa cikin rawar jiki, zazzaɓi mai tsanani, sanƙarewar tsoka da gushewar hankali. Matasanmu kuwa ba kasafai suke tsayawa kan abu ɗaya ba, haɗi ake yi.

Captagon labarinsa ya nuna wata matsalar daban, wato mai saye bai san abin da ya saya ba. Kamfanin Degussa na Jamus ta Yamma ya fito da shi a 1961 a matsayin magani na gaskiya, aka sa shi cikin jerin abubuwan da duniya ta taƙaita a 1986, aka daina yin na asali. Abin da ake bugawa yanzu da tambarin jinjirin wata biyu, wanda Larabawa ke kira Abu Hilalain, jabu ne: amfetamin ne da sinadarin kafin da duk abin da mai haɗawa ya ga dama. Siriya ta zama cibiyarsa a shekarun yaƙi, babbar kasuwarsa kuma Saudiyya da maƙwabtanta. A Yulin 2020 jami'an Italiya sun kama ƙwaya miliyan 84 a tashar ruwan Salerno, kuma da gwamnatin Assad ta faɗi a Disamban 2024 an ga masana'antunsa a fili. A Satumban 2021 hukumar NDLEA ta kama fiye da ƙwaya 450,000 a tashar Apapa, an ɓoye su cikin kayan inji. Ƙwaya biyu masu kama ɗaya na iya bambanta ninki-ba-ninki a ƙarfi. A Amurka, inda mutum fiye da 30,000 suka mutu a 2021 da irin waɗannan ƙwayoyi a jikinsu, da yawa an tarar da fentanil a haɗe, wani maganin ciwo da ɗan ƙanƙaninsa ke tsayar da numfashi.

Najeriya kuma ta wuce matsayin hanya. A 2011 aka fara gano wurin dafa metamfetamin a Legas, a Maris na 2016 kuma aka bankaɗo wani katafare a Asaba, aka kama 'yan Meziko huɗu a ciki. Da farko don kasuwar waje ake yi, Afirka ta Kudu da ƙasashen Asiya, inda yake da tsada. Amma duk inda ake dafa abu, ƙamshi sai ya shiga maƙwabta. Zuwa 2021 mkpuru mmiri ya addabi garuruwan kudu maso gabas har matasan gari suna ɗaure masu sha suna zane su, magana ta kai Majalisar Wakilai. Babban binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu a shekarar da ta gabaci binciken. Daga ciki kimanin 238,000 ne masu amfetamin, 340,000 masu ekstasi, alhali masu su taramol da kodin sun kai miliyan 4.6. Wani zai kalli wannan ya ce ashe namu da sauƙi. Ni ba haka na karanta shi ba. Miliyoyin nan da suka saba haɗiyar ƙwaya don su yi aiki, kasuwa ce shiryayya ga duk wanda ya zo da abin da ya fi ƙarfi, kuma tirelolin da ke kai shanu da albasa kudu ba wayam suke dawowa ba.

Kamuwa kuwa ga yadda take. Idan ambaliyar dofamin ta yi ta maimaituwa, ƙwaƙwalwa kan kare kanta ta rage masu karɓar saƙon, kamar mai toshe kunne a gidan biki. Sai adadin jiya ya kasa yau. Mafi muni, abubuwan da ke faranta rai a da, abinci, hira, wasa da 'ya'ya, ribar kasuwa, duk su zama lami, don ƙaramar muryarsu ba ta ratsa toshewar. A wannan mataki mutum ba don daɗi yake sha ba, don ya iya tashi daga kan katifa ne. Hanyar sha ma tana da tasiri. Abin da aka haɗiya a hankali yake hawa, wanda aka zuƙa a hayaƙi ko aka yi allurarsa cikin daƙiƙoƙi yake isa ƙwaƙwalwa, kuma gwargwadon saurin isarsa gwargwadon ƙarfin kamunsa. Wannan ne bambancin da ke tsakaninsa da 'yar ƙwayar da likita ke rubuta wa yaro mai matsalar tattara hankali ko mai ciwon yawan barci: awo kaɗan, ta baki, a ƙarƙashin kulawa. Ba kowa ne ya taɓa sau ɗaya yake kamuwa ba, gaskiya ce. Amma wanda ya fara da ƙuruciya ya fi shiga haɗari, don sashen gaban ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum burki ba ya gama nuna sai wajen shekara ashirin da biyar. Haka mai damuwa a rai, da wanda a danginsu akwai masu shaye-shaye, da wanda abincinsa ya dogara da jure rashin barci.

Idan aka daina, jiki ba ya ciwo da gudawa irin na mai barin kodin, shi ya sa wasu ke cewa ai ba ya kama mutum. Yaudara ce. Abin da ke zuwa barci ne kamar mutuwa, da yunwa kamar ta fara, sannan wani irin duhun zuciya na makonni, wanda a cikinsa ne ake tsoron mutum ya kashe kansa. Sha'awar komawa kuma takan taso bayan watanni, da ganin tsohon aboki ko wucewa ta wani lungu.

Har yau babu wani magani da aka amince da shi musamman don wannan kamu, saɓanin dangin kodin da ke da nasu. Allurar naloksan da ke farfaɗo da wanda taramol ko kodin ya danne wa numfashi ba ta warware aikin ais. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2021, na haɗa magunguna biyu, naltireksan da bufurofiyan, ya taimaki kusan kashi 14 cikin ɗari, a kan ƙasa da kashi 3 na waɗanda aka ba maganin bogi. Ci gaba ne, amma kaɗan. Abin da ya fi nuna tasiri zai ba mutum dariya don sauƙinsa: a riƙa gwada fitsari a kai a kai, duk ranar da ya fito da tsabta a ba mutum 'yar kyauta, tana ƙaruwa muddin bai karya ba. Masu wa'azi za su ce lada ake ba shi don ya bar abin da bai kamata ya fara ba. Amma idan ka tuna cewa sashen lada na ƙwaƙwalwar ne ya lalace, za ka ga hikimar. Ana koya mata ne daga farko cewa akwai daɗi a wani wuri. Akwai kuma labari mai sanyaya rai daga hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow da abokan aikinta suka wallafa a 2001: ƙofofin dofamin da suka ragu ga masu shan metamfetamin sun farfaɗo sosai ga waɗanda suka yi fiye da shekara ba su sha ba, ko da yake tunani da saurin hannu ba su dawo daidai da haka ba. Shekara ake magana, ba sati biyu ba.

Wannan ne ya sa gidan mari ba ya magani. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa na iya raba mutum da ƙwaya na wata shida, amma ba ta gyara abin da ya lalace a ka, ranar da aka kwance shi kuma yana fita ne da tsohuwar ƙishirwa da sabon ƙunci. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau a Kano suna karɓar irin waɗannan, sai dai gadajensu da likitocinsu ba su kai yawan masu buƙata ba, ga kunyar da ke hana iyali zuwa. Wanda kuma aka same shi jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, ko yana dafe ƙirji, ko yana fizge-fizge, wannan ba na jira ba ne. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana fifita, kada a danne shi ƙasa da ƙarfi don kokawar na ƙara masa zafi, kada a ɗura masa madara ko manja, a nufi asibiti. A can kuma a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Yaron shagon nan daga baya wani kawunsa direba ne ya gane, don ya ga irinsa a hanya. Ya zaunar da mahaifin ya ce, "Yaya, wannan ba iska ba ce, a bincika aljihunsa." Aka kai shi asibiti, ya yi makonni, ya fito, ya koma ruwa sau ɗaya, aka sake mai da shi. Yanzu yana ɗinki a wani shagon, ya yi ƙiba, haƙoransa biyu na gaba babu. Azumin da ya wuce na kai masa yadi ana saura kwana goma sha biyu salla, ya juya shi ya duba, ya miƙo mini abina ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, na rufe karɓa. Ƙarfe goma sha ɗaya nake tashi."